Takalman Malam Bitrus da 'Yar Tabarma

Zuwa ga maigidana na wasa, jikana Bitrus, wanda tun da ya karɓo takardar malanta ba ya amsawa sai an sa masa Malam a gaba.

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata ka tashi lafiya, ka kuma ci ɗumamen da na bar maka a bakin murhu, don abin da ke cikin takardar nan ba a karanta shi da yunwa. Allah ya tsare ka a hanyar Gwiwa, ya raba ka da ɗan acaɓa mai ganganci da direba mai gyangyaɗi, ya sauke ka a hannun mutanen kirki, ya sa makarantar cocin da ta ɗauke ka aiki ta yi dariya da zuwanka. Amin.

To, an gama addu'a, saura faɗa.

Na san abin da kake lalube a ƙarƙashin gado har ka ci karo da wannan takarda. Baƙaƙen takalman nan naka masu tsini, waɗanda ka yi ta gogewa har ƙuda na zamewa a kansu. Kada ka tuhumi ƙannenka, kada ka zagi akuya. Ni na ɗauka. Inda suke yana can ƙasan takarda, kuma na san halinka, za ka so ka tsallake ka leƙa. In ka yi haka Allah na ganinka, ni ma da na kalli idonka zan gane. Zauna a bakin gadon ka bi ta daki-daki.

Da baki na so mu yi maganar nan, amma duk sanda na buɗe baki sai ka ce, “Kaka, ba ki gane ba.” Shi ya sa jiya da aka tashi daga sujada na aro biron ƙanwarka na zauna gindin darbejiya, don takarda ba a katse ta. Aji huɗu kawai na yi a makarantar mishan kafin a cire ni, saboda haka in ka ga harafi ya kwanta inda ya kamata ya tsaya, ka bar shi ya huta. Kada ka ɗauko min jan biro.

Ga abin da ya hana ni sakat. Da aka yi dogon hutun nan, dattawan ikilisiya suka roƙe ka ka riƙa tara yaran unguwa a coci kana yi musu bita, don kada karatu ya zube musu kafin a koma makaranta. Na yi murna har na kasa rufe baki. Na ce wa matan zumuntar coci ga angona zai fara aiki a gida kafin baƙi su ɗanɗana. Ranar da sharar coci ta zo kaina, na ɗauki tsintsiya na tafi da wuri don in ga yadda kake yi. Me zan tarar? Ashe tun ranar farko ka yi wa yara gwaji, ka raba su gida biyu. Waɗanda suka ci ka jera su a benci a gaban allo. Waɗanda suka faɗi ka shimfiɗa musu tsohuwar tabarmar nan a can baya, inda muke jingine tulunan kiɗa na zumuntar mata, ka ba su haruffa ka ce su yi ta kwafa, kada ka ji motsinsu. A saman allo kuwa ka rubuta aya da rubutu mai kyau, har da ado a gefe.

Ka tuna na ajiye tsintsiya na je na zauna a tabarmar. Ka taho da sauri kana raɗa, wai in koma benci kada ƙafata ta yi tsami. Na ce maka ni ma da za ka gwada ni nan zan faɗo, gara in rage maka wahala. Yara suka yi dariya, kai ba ka yi ba. Na zauna nan har aka tashi, kuma ban ji ka kira sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Sai “ke ta baya”, sai “kai mai jar riga”. Yaran da aka haifa a gabanka, wasunsu har tuwon sunansu ka ci.

Da yamma muna cin tuwo na taɓa maka maganar, sai ka gyara zama kamar mai wa'azin Kirsimeti, ka ce, “Kaka, ai kamar gero ne. In ya tsiro da yawa a rami ɗaya dole a cire raunana, in ba haka ba duka ba za su yi zangarniya ba.” Ka ƙara da cewa haka za ka yi a sabuwar makarantarka tun makon farko. Lomar da ke bakina sai da na kora ta da ruwa.

A kan gero ka yi gaskiya, ban musa ba, haka ake yi. Amma Bitrus, gero ni na shuka shi, gonar tawa ce, in na cire na jefa wa akuya ba mai tambayata. Yaran da ke kan tabarmar nan kai ka shuka su? Mai su yana nan, kuma da kamanninsa ya yi su. Wannan shi ne abu na farko da aka koya mana kafin a tsoma mu a ruwan baftisma, kuma ban ji an soke shi ba. Ba a ce ya yi masu ƙwaƙwalwa da kamanninsa, ya yi sauran da ragowar yumɓu ba. In wannan bai shiga aji tare da kai ba, to ban san me ya sa ake kiran makarantar ta coci ba, sai dai don tana kusa da ginin.

Yanzu ji abin da tabarmarka ta haifa. A cikin waɗanda ka zaunar a baya akwai Rifkatu, 'yar Saratu mai ƙosai ta bayan gidanmu, siririyar nan da ke fito da harshe in tana rubutu. Ita ce “ke ta baya”. Kai ka raba yara a coci, su kuma suka fito da rabon waje. Yanzu duk unguwa akwai 'yan benci, akwai 'yan tabarma. A bakin famfo 'yan benci sun ce su za su fara tara bokiti, 'yan tabarma su jira, har waƙa suka haɗa musu. Rifkatu ta daina zuwa bitar tun kafin a rufe. Ka lura? Ba ka lura ba, don wanda ba a san sunansa ba, ba a sanin ranar da ya ɓace.

Shekaranjiya ina tsinkar zogale Saratu ta shigo, ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta fito da shi. Wai yarinyar ta ce ba za ta koma makaranta ba in an buɗe. Uwar ta lallashe ta, ta yi mata faɗa, sai ta ce, “Malam Bitrus ya gwada ni, ya ga ba ni da kai. Shi kuwa a Kazaure ya yi karatu.” Ubanta Iliya da ya ji, ko a jikinsa, ya ce dama ga cirar gyaɗa ta matso, hannu ba ya yawa a gona. Ka san garin nan kamar yadda na san shi. Yarinyar da ba ta shiga aji ranar buɗewa ba, aka cire gyaɗa, aka shiga yankan dawa, ta fita ke nan, sai dai a riƙa cewa da ta yi makaranta. Kuma yau Litinin ake buɗe makarantarsu, yau ɗin da kai za ka rataya jaka ka bar mana abin da ka ɓata.

Kafin ka ce tsohuwa ta cika wa'azi, bari in ba ka labarin wautata, don a wajen ɓata yara na riga ka fara sana'ar.

Ina amarya a gidan kakanka aka ba ni makarantar Lahadi, don a lokacin matan da ke iya haɗa baƙi a ƙauyen nan ba su cika hannu ba. Kaina ya kumbura kamar naka. Na ƙirƙiro dabara: duk wanda ya haddace aya, ƙuli-ƙuli. Kafin ka ce me, yara sun zama aku. Akwai wani Ayuba, kai kamar maganaɗisu, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Ranar da baƙi suka zo mana daga Kazaure na tsayar da shi a gaba, ya zubo ayar nan ta ƙaunar maƙwabci ba tuntuɓe, aka yi ta tafi, ni kuma ina ta gyara ɗankwali. Ban gama sallamar baƙi ba na ji kuka a bayan coci. Ayuba ne ya kayar da wani ƙaramin yaro, ya zauna a kansa, ya ƙwace masa nasa ƙuli-ƙulin. Na damƙo kunnensa na ce me ka gama faɗa yanzu a gaban mutane? Sai ya sake zubo min ayar, baki cike da ƙulin sata, ya kuma miƙo hannu, yana tsammani wani zan ƙara masa.

Laifin Ayuba ne? Abin da na koya masa ya yi. Na cika masa kai na bar zuciya fayau. To ka ji, angona: mai ƙwaƙwalwa ma ɗan Adamu ne, zunubin da ke cikin ɗan tabarma yana cikinsa, sai dai nasa ya fi iya magana. Kana tsammani 'yan tabarma kaɗai ka cuta? 'Yan bencinka ka fi cuta. Sun zo su koyi haɗa lamba, sun koma gida da raina mutane, kuma wannan darasin sun ci shi fiye da lissafin. Ilimi a hannun mai girman kai lauje ne a hannun mai maye. In yaro ya bar hannunka ya iya karatu amma bai iya tsoron Allah da ganin girman ɗan'uwansa ba, ka wasa wuƙa ne kawai ka saki a gari. Duk sanda wani ya ci jarrabawarka, ka bi shi da ido zuwa bakin famfo, can ne ake ba da sakamako na gaskiya.

Wauta ta biyu ta fi ban kunya, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Ubanka Markus yana ƙaramin aji ya dawo gida wata rana yana ta zumuɗi, wai malaminsu ya ce ruwan sama daga ƙasa yake tashi, rana ce ke ɗaga shi ya zama girgije ya dawo. Na ce wane ne ya faɗa? Mu da muke durƙusawa a coci muna roƙon ruwa duk farkon damina, wani zai ce tururi ne? Na ci ɗamara, ko takalmi ban tsaya sawa ba, na nufi makaranta in ji wanda ya kori Allah daga sama. Na tarar da marigayi Malam Ishaya, shugaban makarantar, wani gajere mai sanyin magana. Na zazzage masa duk abin da ke cikina a gaban yara. Bai ce min ba ki gane ba, ka ji ko? Ya ba ni kujerarsa, ya sa aka hura wuta aka ɗora buta, da ta tafasa ya kara murfin kwano a bakin tururin. Ruwa ya taru ya fara ɗiga a tafin hannuna. Sannan ya ce, “Ladi, ni na umarci ruwan nan ya hau ya sauko? Ni dai na leƙa ne na ga yadda Mai shi yake aikinsa, na ce bari in nuna wa yara su ƙara jin tsoronsa.”

Na dawo gida na ce wa kakanka na je na gyara wa malamin zama. Har ya rasu bai san gaskiyar ba, kai ma kada ka kai masa in ka riga ni zuwa lahira.

Abin da na ɗauka a ranar shi ne, Allah ba shi da rumbu biyu, ɗaya na karatun coci ɗaya na karatun duniya. Wanda ya yi ruwa shi ya yi lissafin da ke cikinsa. In ka koyar da haɗa lamba da gaskiya da haƙuri, sujada ka yi, ko ba ka buɗe waƙa ba. Amma juya maganar ka ga bayanta, don nan naka yake. Rubuta aya a saman allo ba ya mayar da aji na Almasihu, kamar yadda rataya fartanya a ɗaki ba ya mayar da mutum manomi. Aya a sama da ado, yara a ƙasa a wulaƙance, wanne kake tsammani suka karanta? Waɗanda ke tabarma ma ba su iya karanta ta saman ba tukuna. Kai suka karanta, kuma sun haddace ka tsaf.

Wannan ya fi muhimmanci a inda za ka. An ce min makarantar ba 'ya'yan ikilisiya kaɗai ke zuwa ba, har da 'ya'yan maƙwabta Musulmi da na Fulanin rugagen kusa. Ƙawata Dije mai kawo mana nono, da na gaya mata inda aka tura ka, ta ce jikokin yayarta can suke, kuma abin da ya sa iyayen suka yarda shi ne an ce malaman wurin ba sa zubar da yaro. Ka ji nauyin da ke jiranka. Amana aka ba ku. Kada ka yi wa ɗan kowa wayo a kan addinin gidansu, kada ka yi masa ba'a, kada kuma ka ɓoye ko kai wane ne. In ya zo a makare don sai da ya kai shanu bakin ruwa, tambaye shi sunan saniyar kafin ka tambaye shi dalilin latti. Iyayensa ba za su taɓa shiga coci su ji fasto ba, amma kullum za su ji labarin Malam Bitrus a bakin ɗansu, kuma daga nan za su yanke hukunci a kan Wanda kake bi.

Wauta ta uku kuwa kai ne da kanka. Ni na ɓata ka, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don ba ni da wanda zan kai ƙara. Tun kana aji ɗaya kake zuwa na ɗaya. Duk ƙarshen zango in ka shigo da sakamako sai na rangaɗa guɗa har a jiyo ni a hanyar Roni, in kama kaza in yanka. Shekarar da ka zo na uku fa? Ka tuna, ko in tuna maka? Ba guɗa, ba kaza. Miyar kuka na kaɗa tsirara, na tura maka kwano ina kallon wani wuri. Ka zauna ka tasa tuwon a gaba ba ka ci ba. Daga ranar ba ka sake zuwa na uku ba, ni kuma na yi ta yabon dabarata a wurin matan zumunta. Sai da na zauna a tabarmar nan ina kallon yadda idonka ke tsallake yaran baya kamar babu kowa a wurin, na gane idon. Nawa ne, na ranar miyar kuka.

Kada ka ce na yi nadamar kajin, ni nake cin wuya da ƙafafu. Abin da na yi nadama shi ne na koya maka cewa ƙauna sai an ci jarrabawa. Wannan kuwa ƙarya ce, kuma ita ce ainihin ƙaryar da Ubangijinmu ya zo ya rushe. Da Allah ya yi mana gwaji tun ranar farko kamar yadda ka yi, wa zai hau benci? Ni da kai da fasto da dattawa duk tabarma za mu, kuma tabarmar ba za ta ishe mu ba. Shi kuwa bai tsaya a gaban allo ya ce mu yi ta kwafa kada ya ji motsinmu ba. Saukowa ya yi ya zauna a tabarmar tare da mu. Almajiran Yesu ma da ya zaɓa, duba su da kyau, har da mai sunanka. Sau nawa aka maimaita masa abu bai gane ba? Da a ajinka yake da yana can jikin tulunan zumunta. Amma shi aka ce ya yi kiwon sauran. Kuma Malamin malamai da kansa ya ɗaura tawul ya durƙusa ya wanke musu ƙafa. Kai kuwa ko naka takalman ba ka so ƙura ta taɓa.

Na san abin da ke bakinka yanzu, har ina jin sa daga nan: Kaka, ai yara ba kansu ɗaya ba. Na sani. Yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba, kuma ban ce ka yi wa kowa ƙarya ba. Rifkatu tana da nauyin kai a karatu, abin da wani zai ɗauka yau ita sai jibi. In rabawar za ta sa ka fi daɗewa a wurin masu rauni, raba su, Allah ya ba da lada. Amma kai ka raba ne don ka huta da su. Dubi mijin Dije in suna dawowa daga kiwo. Manyan shanu sun san hanya, ba ya bin su. A baya yake tafiya, in ɗan maraƙi ya gaji ya saɓa shi a wuya. Ban taɓa jin ya ce maraƙin yana ɓata wa garke lokaci ba. Labarin makiyayi da tunkiyar da ta ɓace kuwa kai ka fi ni iya ba da shi, har ka taɓa cin kyauta a kansa. Ka ga, mun koma kan Ayuba.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce. Kafin ka hau babur ka biya gidan Saratu. Ka yi sallama, ka durƙusa ka gai da Iliya yadda ake gai da manya, ba irin gaisuwar nan taka ta tsaye da hannu a aljihu ba. Ka kira yarinyar da sunanta. Ka gaya mata da Hausar da za ta gane cewa kai ka yi kuskure, gwajin kwana ɗaya ba ya auna mutum, kuma ba kai ka yi kanta ba balle ka ce babu komai a ciki. Kada ka yi mata alkawarin za ta zo na ɗaya, ƙarya ba ta gyara ƙarya. Ka ce mata tana tafiya a hankali, kuma sannu ba ta hana zuwa. Ka roƙi uban a gabanta ya bar ta, gyaɗa ba za ta ruɓe don hannu ɗaya ba, in ta kama ni zan je in taya su cira da wannan bayan nawa. Sannan ka sa ta a gaba har ƙofar makaranta, ai kan hanyar tasha take. Ina so 'yan bencin nan su ga Malam Bitrus yana tafe da 'yar tabarma yana kiran sunanta. Bakinka ya kore ta, ba bakin da zai dawo da ita sai naka. Ni na gwada, uwarta ta gwada, ta ce mu ba mu yi karatu a Kazaure ba.

In ka yi wannan, abin da za ka yi a makon farko a sabuwar makarantarka ba sai na faɗa maka ba. In ba ka yi ba, ko littafi na rubuta maka a banza ne.

To, takalma. Suna hannun Rifkatu. Jiya na kai mata su a cikin zanena, na ce amana ce, ta ɓoye su inda kaji ba za su hau ba, kada kuma ta ba kowa, ko ni ce, sai wanda ya zo da ƙafarsa ya kira ta da sunanta ya roƙa. Ta karɓe su da hannu biyu kamar an ba ta jariri. Har na juya zan fita ta ce, “Kaka, Malam ya san sunana?” Na ce ya sani mana. Bitrus, kada ka mayar da ni maƙaryaciya da furfurata.

Zaɓi naka ne. Kana iya fushi ka tafi hakanan, ka tsaya a gaban shugaban makaranta da silifas ɗin wankan nan da aka ɗaure igiyarsa da waya, ka yi masa bayanin tsarin zamani. Ko kuma ka taka 'yar tafiyar nan zuwa gidan Saratu. Kada ka ji kunyar zuwa ba takalmi. Annabi Musa ma sai da aka sa shi ya tuɓe nasa kafin a aike shi wurin mutane, kuma ba ka fi shi gaggawa ba.

Allah ya yi maka albarka, maigidana, mijin da ba cefane sai gardama. Ya ba ka kan da ke koyo da zuciyar da ke durƙusawa. Ya tsare ka daga zazzaɓin baƙon wuri da abokan banza, ya ba ka haƙuri da masu nauyin kai, ya ba su haƙuri da kai, don su ma za su sha aiki. Ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya da Kirsimeti. Kazarka tana nan tana kiwo, kuma wannan karon zan yanka ta ko na nawa ka zo.

In ka fito ba ka gan ni a tsakar gida ba, kada ka neme ni a gona. Ina gidan Saratu, a kan tabarma, ina cin ƙosai ina kallon ƙofa. Na sa an wanke wa yarinyar rigar makaranta tun jiya, ta bushe, tana rataye a igiya, ba ta dai yarda ta sa ba tukuna. Yi sauri kafin a kaɗa ƙararrawa.

Ni ce kakarka, matarka ta fari wadda ba ta sakuwa,
Ladi